Zink ga mai karɓar kemo: a saya ko a bari?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, masu jinyar kansar hanji da ta tumbi da ta maƙogwaro ne ke tambaya a kan ƙwayar zink. Tun lokacin korona a 2020 da aka yi ta haɗa shi da bitamin C zink ya shiga bakin mutane, yanzu kuma ya dawo ta wajen masu kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake bayarwa zagaye-zagaye ta jijiya ko a ƙwaya. Na tattara masu kama da juna na rage tsawon wasu. Ni aikina harhaɗa magani ne, don haka duk inda na ce a koma wa likita ina nufin likitan da ke rubuta kemon, shi ke riƙe da fayil.

Tambaya daga wata 'yar uwa a Katsina: Anti barka da aiki. Babanmu ne aka yi masa aikin kansar babban hanji, yanzu yana karɓar kemo a Shika, an yi zagaye uku. Abinci ya daina yi masa daɗi kwata-kwata, ko naman da yake so ya ce ɗanɗanon ƙarfe yake ji, ga gajiya, wuni yake a kwance. A guruf ɗinmu na WhatsApp wata ta ce zink ne maganin wannan. In saya masa?

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiya. Amsar a gajarce ita ce kar ki saya yau, ki bari sai ranar kilinik ki tambaya, kuma akwai yiwuwar likita ya ce e. Amma bari in faɗa miki abin da ke ƙarƙashin maganar don kar ki ɗora rai a kan abin da bai kai ba.

Wacce ta faɗa miki ba ƙarya ta ƙirƙira ba. Zink yana da hannu a wajen ɗanɗano da warkewar rauni da garkuwar jiki, kuma wanda zink ya yi wa ƙaranci yakan rasa ɗanɗano da sha'awar abinci, gashi ya zube, ciwo ya ƙi warkewa, wani ma fatar gefen baki ta yi ƙuraje. Sannan masu ciwo irin na Baba suna cikin waɗanda ya fi sauƙin yi wa ƙaranci, saboda a ƙaramin hanji jiki ke tsotsarsa, to mutumin da ba ya cin abinci sosai, ga gudawa, ga an yanke wani sashe na hanji ko tumbi ko fankiriyas (wani sashe a bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci), kin ga ta ko'ina asara yake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kowane rashin ɗanɗano ne daga ƙarancin zink ba. Shi kansa maganin kemon yana taɓa ƙwayoyin ɗanɗano na harshe kai tsaye tunda su ma masu saurin sabuntawa ne, yana busar da yawu, yana kawo gyambon baki. In wannan ne dalili to ko an sha zink ba lallai a ga canji ba. Randa in a cike take, duk ruwan da aka ƙara ƙasa zai bi.

An gwada abin kuwa. A Brazil, a Jami'ar Sao Paulo reshen Ribeirao Preto, an ɗauki mutum 24 masu kansar babban hanji, 10 aka ba su zink miligiram 35 sau biyu a rana tun bayan tiyata har sati 16, sauran 14 aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki, an fitar da sakamakon a 2017. Waɗanda suka sha ƙwayar wofi gajiyarsu ta ƙaru, jin daɗin rayuwarsu ya ragu tsakanin zagayen farko da na huɗu, masu zink kuma suka tsaya yadda suke. Wannan shi ne labarin da ake ta yawo da shi. Abin da ba a faɗa shi ne mutum 24 sun yi kaɗan ƙwarai a gina hukunci a kansu, kuma da aka jera rukunin biyu kafaɗa da kafaɗa a kowane zagaye makin nasu kusan ɗaya ne. A ɓangaren ɗanɗano kuma, a Amurka an gwada a kan mutum 58 masu kemo, sakamakon ya fito a 2012, zink bai fi ƙwayar wofi ba. Kafin nan a 2007 an yi wani mafi girma, mutum 169 masu kansar kai da wuya da ake yi wa gashin kansa da na'ura, shi ma bambancin bai taka kara ya karya ba. A Japan likitoci suna yawan ba da wani nau'in zink ga masu matsalar ɗanɗano kuma suna ba da rahoton wasu na samun sauƙi, musamman waɗanda aka auna aka ga nasu ya yi ƙasa.

To ni a ganina ga yadda za ki yi. Ranar da za ku koma ki ce wa likita, ranka ya daɗe Baba ba ya jin ɗanɗano kuma ya rame, ko zink zai yi masa amfani, ko akwai buƙatar a auna? Ki roƙe shi ya leƙa bakin Baba da tocila, don sau da yawa farin abu ne ya lulluɓe harshe, fangas, wanda ke da maganinsa daban mai sauƙi kuma da ya tafi ɗanɗano ke ɗan dawowa. Gajiyar kuma a duba jininsa tukuna, mai kansar hanji da ƙarancin jini kusan tare suke tafiya, kuma zink ba ya ƙara jini. Sannan duk da kwanciyar da yake so, ɗan tattaki zuwa masallaci ko zagayen tsakar gida da safe yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da suna rage gajiyar kemo, abin kamar wasa amma haka yake.

Kafin ranar, ki canza masa cokalin ƙarfe zuwa na roba ko na katako, ki ɗan matsa lemun tsami ko tsamiya a abinci in dai bakin ba gyambo, in jan nama ya gagara a koma kaza ko kifi ko ƙwai. Ya riƙa kurkure baki kafin cin abinci da ruwa lita ɗaya da aka sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda, soda fa na ce ba kanwa ba. Kuma ki kwantar masa da hankali, yawanci ɗanɗano na dawowa cikin makonni zuwa 'yan watanni bayan an gama kemo.

Wani bawan Allah daga Kano: Hajiya likita ya amince matata ta sha zink amma bai rubuta suna ba, cewa ya yi kawai mu nemo. Na je kemis an fito min da kala huɗu, wani an rubuta 220mg, wani 50mg, wani 20mg na yara, sai wani ɗan waje mai kyan kwalba da tsadar gaske. Ni dai na ga 220 ya fi ƙarfi. Wanne zan ɗauka?

Malam ka yi dabara da ba ka saya ba tukuna, don lambar da ke gaban kwalba tana ruɗar mutane sosai. Zink ba ya zuwa shi kaɗai, ana haɗa shi da wani gishiri ne, to wani kamfanin nauyin gishirin duka yake rubutawa, wani kuma nauyin tsantsar zink ɗin. Wanda ka ga an rubuta zinc sulphate 220mg, tsantsar zink da ke ciki kusan miligiram 50 ne, wato shi da wancan mai 50 ɗin mai yiwuwa abu ɗaya ne aka canza wa riga. Ka juya bayan kwalbar ka nemi inda aka rubuta elemental zinc, wannan lambar ita ce ta gaskiya. Sulfet kusan kashi 23 cikin ɗari ne zink, gulukonet kusan 14, asitet kusan 30.

Yanzu ga ma'auni. Abin da jikin babba ke buƙata a rana miligiram 8 ne ga mace, 11 ga namiji, kuma iyakar da hukumomin lafiya na Amurka suka sa wa mai sha da kansa ba kulawar likita 40 ce a rana, har da na cikin abinci. Ka ga ke nan ƙwaya ɗaya ta 50 ta riga ta haye. Likita na iya wuce wannan iyakar da gangan na ɗan lokaci kamar yadda aka yi a Brazil da 70, amma yana duba jini. Don haka ka koma ko ka kira, ka ce likita miligiram nawa, sau nawa a rana, zuwa sati nawa. Tambayar ƙarshen nan ita ce aka fi mantawa, sai ka ga mutum wata takwas yana sha ba wanda ya ce ya tsaya.

Me ya sa nake matsa wannan? Saboda yawan zink na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe, wanda 'yan asibiti ke kira kopa, kuma in kopa ya yi ƙasa jini na raguwa, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ragu, ƙafafu da yatsu su fara mutuwa. Ka duba abubuwa ukun nan da kyau, su ne dai illolin da kemo ke kawowa, musamman okzaliplatin da ake ba masu kansar hanji wanda dama an san shi da taɓa jijiyoyin yatsu. Sai a yi ta ɗora laifi a kan kemo, a ɗage zagaye ko a rage ƙarfin magani saboda jini bai kai ba, alhali kwalbar da ke kan durowa ce ke ƙara ta'azzara abin.

Maganar ɗan waje mai tsada kuwa, wallahi kuɗinka kawai za ka ba kyan kwalba. In dai na gida yana da lambar NAFDAC, ranar lalacewarsa da saura, hatimin bakin bai tashi ba, kuma a famasi mai rajista ka saya ba a tire ko bayan mota a tasha ba, to aikinsu ɗaya. NAFDAC tana da manhajar Greenbook da za ka iya sa sunan magani ka ga ko yana cikin rajista. In likita ya ce 20 a rana, wannan na yaran mai narkewa a ruwa ya wadatar kuma ya fi duka araha, ga sauƙi ga wanda haɗiya ke yi wa wuya. Abu ɗaya, kar ta sha da cikin wofi, zink na tayar da zuciya sosai in ba abinci, ita kuma dama tana fama da tashin zuciyar kemo. In sulfet ya dame ta a gwada gulukonet, wasu sun fi jure shi.

Wata uwargida daga Kaduna: Anti ƙanina da ke Ingila ya aiko wa maigidana da babbar kwalbar bitamin, an ce komai da komai na ciki har zink. Shi kuma Xeloda yake sha. Tunda kyauta ce ai ba laifi ya fara ko?

Hajiya don Allah ajiye kwalbar nan tukuna, wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaga min hankali a cikin duka. Ba zink ɗin ciki ne matsalar ba, folik asid ne. Kusan duk bitamin mai haɗe-haɗe da maganin ƙarin jini na masu ciki akwai folik asid a ciki, shi kuma Xeloda, wato ƙwayar kemo ta kafesitabin, a cikin jiki yana komawa maganin da ake kira 5-FU ne, kuma folik asid na ƙara wa wannan maganin kaifi har ya wuce inda ake so. Sakamakon sai gudawa mai tsanani, baki ya yi gyambo, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsage, jini ya faɗi. Takardar da ke cikin kwalin maganin ma ta yi gargaɗi a kai. Za ki ji an ce ai a asibiti ma ana haɗa 5-FU da wani ɗan uwan folik asid mai suna lukoborin, haka ne, amma wannan an lissafa shi cikin awon maganin tun farko, ba a ƙara wani a gida.

Ki ɗauki kwalbar gaba ɗaya ki kai wa likita ko mai harhaɗa magani na sashen kansa, su karanta bayanta. Haka duk wani tonik na ƙarin jini da 'yan dubiya za su kawo. Ki yi wa ƙaninki godiya, in yana son taimakawa ya turo kuɗin zagaye na gaba, ita kuma kwalbar in ranarta da saura wani lafiyayye a gidan ya sha.

Daga Gusau: Mahaifiyarmu na gudawa bayan kowane kemo. A asibitin sha-ka-tafi ana ba yara zink da ORS in suna gudawa, mu ma mu yi mata haka?

ORS e, ku fara yanzu ma, ku ajiye shi a gida kamar gishiri. Zink na yara kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ne suka ba da shawararsa tun 2004, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, kuma a kan yara ƙanana masu gudawar ƙwayoyin cuta aka tabbatar da shi. Gudawar Mama daban ce, magani ne ya ƙona fatar cikin hanji, musamman irinotekan da 5-FU da kafesitabin, kuma tana iya kayar da babba cikin kwana biyu. In ta ƙaru da sau huɗu ko fiye a kan yadda ta saba fita a rana, ko tana tashi cikin dare, ku kira asibiti a ranar, in kuma ƙwayar kafesitabin take sha a dakata da ita har a ji daga likita. In akwai zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'auni, ko jini a bayan gida, ko ba ta iya riƙe ruwa a ciki, ko fitsari ya ragu, wannan ba na waya ba ne, ku ɗauke ta zuwa imajensi ko da tsakar dare ne ku ce tana kan kemo. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye, ya fi muku kwalbar zink amfani. Akwai maganin tsayar da gudawa loperamayid da likitoci ke rubuta wa masu kemo da yadda za a sha, ku nemi a rubuta muku tun kafin ku bar asibiti, amma ba a shan sa in da zazzaɓi ko jini.

Wanda gudawarsa ta daɗe makonni, ko wanda aka fitar wa da hanji ta gefen ciki yana zubar da ruwa da yawa a jaka, shi kam yana asarar zink sosai kuma shi ne wanda na fi tsammanin likita zai rubuta wa.

Wani ɗan uwa bai faɗi gari ba: Ina kan kemo na kansar dubura, ina kuma shan maganin HIV kullum, an ba ni sipro saboda ciwon fitsari. Zink zai shiga?

Allah Ya ƙara lafiya ɗan uwa. Zai iya shiga amma sai da agogo. Zink na kama wasu magunguna a cikin hanji ya hana su shiga jini, sipro da lebofuloksasin da doksisaikilin na ciki, haka dolutegirabir wanda ke cikin ƙwayar TLD da yawancin masu HIV ke karɓa a Najeriya yanzu. Ƙa'idar ita ce ka sha sipro ko TLD awa biyu kafin zink, ko awa shida bayansa. Maganin ƙarin jini mai ayon, wato sinadarin ƙarfe, shi ma suna gasa da zink wajen shiga, a raba su. Ni da zan ba ka shawara, ka bar zink har ka gama kwanakin sipro, babu gaggawar da ta kai a lalata maganin kashe ƙwayar cuta ga mai kemo. Kuma ka tabbata likitan kansa ya san da maganin HIV ɗin, na HIV ma ya san da kemon, sirrinka na nan a wajensu.

Wata daga Maraɗi: Mu kuɗin ƙwayoyin nan ya yi mana yawa. Babu abincin da zai maye gurbinsu?

Akwai Hajiya, kuma ni nan na fi so a fara. Nama shi ne kan gaba a abin da muke da shi, giram 100 na dafaffen naman sa na ba da kusan miligiram 5, kin ga rabin buƙatar yini ke nan, naman rago da na akuya da hanta da ƙoda duk suna da shi, kaza da kifi da ƙwai da madara na biye. A tsirrai kuma agushi da riɗi da gyaɗa da kashu da wake.

Sai dai akwai wani abu game da abincinmu na gero da dawa da masara da wake. Suna ɗauke da wani sinadari, fayitet, da ke riƙe zink ya hana hanji tsotsa, shi ya sa mutum zai iya cika ciki da tuwo kullum amma zink ɗinsa na ƙasa. Asali ma ta haka aka fara gano ƙarancin zink a jikin ɗan Adam, wani likita ɗan asalin Indiya Ananda Prasad ya gani a samarin ƙauye a Iran da Masar a farkon shekarun 1960, waɗanda kusan gurasa marar yisti kawai suke ci, sun tsumbure ba su girma ba. Abin daɗin shi ne jiƙawa da tsimawa da tsiro suna karya fayitet ɗin, wato dai abin da iyayenmu ke yi tun fil azal. Gero da aka jiƙa ya kwana aka yi kamu ya ɗan yi tsami, koko, kunun tsamiya, waina da ƙullinta ya tashi, daddawa a miya, waken da aka jiƙa aka zubar da ruwan kafin a dafa ko aka surfe aka yi alala, duk sun fi tuwon garin da aka niƙa a busashe aka tuƙa nan take. Kuma ɗan nama kaɗan a cikin miya yana taimaka wa jiki ya tsotsi na cikin hatsin ma.

Ga mai jinyar da ba ya iya cin da yawa, a bar maganar kwano uku a rana, a koma kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai. Kunun gyaɗa da madara, miyar agushi da niƙaƙƙen nama, farfesun da naman ya yi laushi sosai, dafaffen ƙwai, hanta sau ɗaya ko biyu a sati. Wanda ke da kansar maƙogwaro ko aka rage wa tumbi a markaɗa masa komai ya zama ruwa-ruwa. Wanda aka ce hanjinsa ya ƙuntata ko yana da jaka a gefen ciki kar a ba shi gyaɗa ko kashu ko riɗi tsaba, sai an niƙa.

Hattara biyu. Na farko, kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo lokacin ne garkuwar jiki ta fi faɗuwa, to tsire da balangu da kilishin bakin titi da suka sha ƙura, da nonon da ba a dafa ba, da ƙwai ɗanye, a haƙura da su, in ana marmarin fura a dama da yogot na kamfani ko nonon da aka tafasa madararsa a gida. Na biyu, mai karɓar okzaliplatin kar a ba shi abu mai sanyi daga firij na 'yan kwanaki bayan ƙarin ruwan, yana sa maƙogwaro ya shaƙe yatsu su yi zugi, lokacin hunturu ma a sa masa safar hannu da ta ƙafa, alwala da ruwan ɗumi.

Ta ƙarshe, daga Bauchi: Anti wata maƙwabciyarmu mai sayar da kayan kamfanin nan na netwok ta kawo mana fakej, ta ce akwai zink da ganyayyaki, yana kashe kansa daga tushe ba sai an ci gaba da kemo ba, har ta nuna mana bidiyon waɗanda suka warke. Kuɗinsa ya kusa na zagaye ɗaya, kuma gaskiya ba za mu iya biyun ba. Yayana ne ba lafiya, shi ma ya gaji da kemon.

Ƙanwata na fahimci gajiyar, ta jiki da ta aljihu, kemo ba wasa ba ne. Amma ki ji ni da kyau, zink ba ya kashe kansa, ko a binciken da ya fi yaba masa iyakar abin da aka duba shi ne gajiya da ɗanɗano da jin daɗin jiki, babu wanda ya nuna ƙari ya ragu saboda shi. Kansar babban hanji kuwa tana cikin waɗanda ake warkewa in an yi tiyata aka bi da kemo a kan lokaci, wata uku zuwa shida yawanci, kuma tsallake zagaye yana rage wannan damar. Bidiyo kuma kowa na iya yi, ba ki ga fayil ɗin mai maganar ba, ba ki san ko ya riga ya yi tiyata da kemo kafin ya sha fakej ɗin ba.

Za ta ce miki ai yana da lambar NAFDAC. Ki duba lambar, in ta ƙare da harafin L to jerin kayan gargajiya da na ganye ne, ma'ana an duba ba ya cutarwa nan take, ba wai an tabbatar yana warkar da wani ciwo ba, sau da yawa ma a jikin kwalin da ƙananan haruffa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Sannan ganyayyakin da ba a san ko mene ne ba suna iya wahalar da hanta ko ƙoda, su kuma su ne ke tace kemon.

Abin da zan ce ku yi, ku je wa likita da maganar kuɗin ƙarara, ba abin kunya ba ne, kullum suna jin irinta. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ku tambaya ko asibitin na cikin shirin rangwamen magungunan kansa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2019 tare da ƙungiyar lafiya ta Clinton (CHAI) da ƙungiyar kansa ta Amurka, wanda asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ke ciki. Ku tambaya ko akwai kafesitabin na wani kamfani mai rajista da ya fi Xeloda sauƙin kuɗi, don akwai su. Shi kuma Yaya ya faɗa wa likita ainihin abin da ya gajiyar da shi, amai ne, yatsu ne, rashin barci ne, kusan kowanne akwai abin da ake yi, ana iya rage awon magani ko a cire okzaliplatin a ci gaba da sauran in jijiyoyi sun fara taɓuwa. In bayan haka likita ya ga yana buƙatar zink, na kemis mai araha ya ishe shi.

Masu tambayar ko sai an yi gwajin jini kafin a sha, in da hali a yi, da safe kafin a karya, amma ku sani kumburin ciwo da ƙarancin sinadarin albumin na sa awon ya nuna ƙasa ko da zink ɗin jiki bai ƙare ba, kuma ba kowane lab ke yin sa ba, shi ya sa wasu likitocin ke duba alamomi kawai su ba da na sati huɗu zuwa takwas su gani, in ba canji a tsayar. Tambayoyin da suka shigo a kan zogale da habbatus sauda da ganyen gwanda ga masu kemo suna da yawa, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.